Katin Gayyatar Aure Idan Iyaye Sun Rabu: Tambayoyi da Amsoshi

Mutuwar aure ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Zariya ko Damagaram ka rasa gidan da ake riƙon yaron da uwarsa ta fita, ko gidan da mace ta shigo da 'yarta daga wani auren. Shekaru na tafiya, kowa ya kama gabansa, har a ɗauka magana ta wuce. Sai ranar da yarinya ta samu miji, aka zauna za a rubuta abin da za a kai wa mai buga kati, a nan ake gane cewa da sauranta: sunan wa za a fara sawa, wa za a bari, a ƙofar gidan wa za a ɗaura. Amsoshin da ke ƙasa sun dogara ne a kan al'adarmu da kuma mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a kotunan Musulunci na arewacin Najeriya. A misalan kati an yi amfani da Wane da Wance a madadin sunaye.

Iyayena sun rabu tun ina ƙarama. Sunan wa zai fito a katin ɗaurin aure?

Sunan mahaifinki. Katin ɗaurin aure na maza ne, shi ake raba wa abokan uba da maƙwabta da mutanen masallaci da abokan ango, kuma abin da yake sanarwa shi ne gidan Wane ya ba gidan Wane aure. Rabuwar iyayenki ba ta cire ki daga gidan ubanki ba. Tsarin da kowa ya sani ya wadatar:

Iyalan Alhaji Wane
da Iyalan Malam Wane
suna farin cikin gayyatar ..........
zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu
Wance da Wane

Sai rana da lokaci da wuri su biyo baya. Wanda ya karanta wannan ba zai san ko iyayen amarya suna tare ko sun rabu ba, kuma ba huruminsa ba ne ya sani. Katin Turawa yakan haɗa uba da uwa a layi ɗaya, shi ya sa rabuwa ke rikita musu rubutu. Mu tun asali katin maza daban, na mata daban, kuma wannan rabon shi ne ke warware fiye da rabin matsalar tun kafin ta taso.

To mahaifiyata fa? Ita ta sha wahalata, shi ke nan ba za a ga sunanta ba?

Za a gani, kuma a wurin da ya fi amfani gare ta. Katin mata, wato na kamu da sa lalle da walima da wunin biki, nata ne. Ita ke gayyatar ƙawayenta da danginta da matan unguwa da abokan adashinta, waɗanda ta daɗe tana zuwa bikinsu tana kai gudunmawa. Sai a rubuta:

Hajiya Wance
tana farin cikin gayyatar ..........
zuwa bikin 'yarta Wance

Idan tana so ta ƙara 'yan'uwanta mata ko mahaifiyarta a kai, wannan ma daidai ne.

Ina dai roƙon amare da abu ɗaya. Kada a yi wa katin uba takarda mai kauri da ruwan zinare, a yi wa na uwa kwafi a farar takarda kamar takardar jarrabawa. Uwa za ta karɓa ta ce ba komai, amma ta gani, ƙawayenta ma sun gani. Idan kuɗi ba su kai a ƙawata duka biyun ba, a yi duka biyun masu sauƙi.

Da wane suna za a rubuta ta, tunda ba ta gidan mahaifina?

Da sunanta da sunan mahaifinta. Wannan shi ne sunan da ba ya canzawa ko aure nawa mace ta yi. Wasu mata, musamman ma'aikata, sun saba amfani da sunan miji a takardun aiki, har bayan rabuwa sunan ya bi su. A kati kada a jingina ta ga tsohon miji, domin hakan zai ɓata wa matarsa ta yanzu rai, zai kuma ɓata wa mijinta na yanzu idan ta sake aure. Idan mutane ba su san ta da sunan yanka ba, sai a sa laƙabin da aka fi saninta da shi a gefe, kamar yadda ake yi wa amare.

Idan tana gidan wani mijin kuma tana son a ambace shi, a tambaye shi tukuna. Wani zai ji daɗi, wani kuma zai ce a bar sunansa saboda kara ga uban yarinya.

Muna son kati ɗaya kawai saboda tsadar bugu. Za a iya haɗa su biyun?

Za a iya, amma da sharuɗɗa. Kada a rubuta “Alhaji da Hajiya Wane”, domin wannan yana nuna akwai aure a tsakaninsu, alhali babu. Kowa ya samu layinsa, da cikakken sunansa, da girman harafi iri ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa iyalan uba a sama kamar yadda aka saba, sannan a sa iyalan kakan amarya na wajen uwa a ƙarƙashi:

Iyalan Alhaji Wane
da Iyalan Marigayi Malam Wane
tare da Iyalan Alhaji Wane

Na farko uban amarya ne, na biyu mahaifin uwarta, na uku uban ango. Da haka dangin uwa sun shigo kati ta ƙofar gidansu, babu wanda zai ce an haɗa bazawara da tsohon mijinta a layi. A sashen shagulgulan mata kuma, a bayan katin ko a shafi na biyu, sai sunan uwa ya fito shi kaɗai.

Mijin mahaifiyata ne ya riƙe ni. Mahaifina ko sisi bai taɓa aiko min ba. Me zai hana in sa sunan wanda ya riƙe ni a matsayin uba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma mai yin ta tana da gaskiyar jin zafi. Mutum ya karɓe ki kina 'yar shekara uku, ya sa ki makaranta, ya kwana a kan benci a asibiti lokacin da kika yi zazzaɓi, yanzu kuma shi ne ke yawo wurin kafinta yana cinikin gado da kujerun da za a jera miki. Ɗayan kuwa ko da Sallah bai neme ki ba. Duk wanda ya ce miki wannan ba komai ba ne bai yi miki adalci ba.

Amma maganar nasaba ba a hannunmu take ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, ta ce shi ne mafi adalci a wurin Allah. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a hannun Manzon Allah (SAW), har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, amma da ayar ta sauka sai aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Babu mariƙin da ya kai wannan mariƙin, kuma duk da haka hukuncin ya hau kansa. Saboda haka a layin da sunanki yake, sunan mahaifinki ne zai biyo baya.

Wannan ba ya nufin a shafe wanda ya riƙe ki. Shari'a da kanta ta ba shi matsayi: aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta sa 'yar matar mutum cikin waɗanda ba zai taɓa aura ba, muddin ya tare da uwarta, wato ke muharramarsa ce har abada. A kati ma yana da wuri:

Iyalan Malam Wane
tare da Iyalan Alhaji Wane
da Iyalan Alhaji Wane
suna gayyatar ..........

Uba a farko, mariƙi na biye, sannan gidan ango. Ba sai an yi bayanin waye waye ba. Wanda ya san gidan ya gane, wanda bai sani ba zai ɗauka baffa ne ko aminin uba. Kalmar agola kuwa kada ta kusanci kati, ko da a bakin mai sanarwa a wurin biki.

Idan tun a makaranta an yi miki rajista da sunan mijin mahaifiyarki, har ƙawayenki ba su san ki da wani suna ba, sai a rubuta sunanki na gaskiya, a sa laƙabinki a gefe, sunan gidan da kika tashi kuma ga shi a sama. Za su gane ki.

Shin dole ne a rubuta sunan waliyyi a kati?

Ba dole ba ne, kuma yawancin katuna ba sa ɗauke da shi. Amma tun kafin a je wurin mai bugu ya kamata a san waye waliyyin, saboda sau da yawa rigimar da ake cewa ta kati ce, a gaskiya ta walicci ce.

A Malikiyya, budurwa ubanta ne waliyyinta, sai wanda ya yi wa wasiyya. Idan babu su, walicci yana bin dangin uba maza: ɗan'uwanta, ɗan ɗan'uwanta, kakanta na wajen uba, baffanta, ɗan baffanta. Kawu, wato ɗan'uwan uwa, ba ya cikin wannan jeri ta hanyar nasaba, haka ma mijin uwa. Malaman mazhabar sun ambaci wanda ya ɗauki nauyin riƙon yarinya, amma bayan dangin uba yake zuwa.

Akwai ƙofar da al'ada ta buɗe, kuma ni ina ganin ita ce mafi kyau a irin wannan hali. A ƙasar Hausa uba ba kasafai yake bayar da 'yarsa da bakinsa ba, yakan wakilta wansa ko ƙanensa ko amininsa. Babu abin da zai hana shi ya wakilta wanda ya riƙe masa 'ya. Uban da ya ce “Alhaji, kai ka riƙe ta, kai za ka bayar da ita” ya biya wani abu daga bashin da ke kansa, kuma ya yi shi a gaban jama'a. Idan akwai dattijon da mahaifinki ke jin nauyinsa, shi za a tura da wannan shawara, kada ta fito daga bakinki ko na mahaifiyarki.

A gidan mahaifina na tashi, matarsa ce ta yi min komai. Mahaifiyata tana raye a wani gari. Wa zan sa a katin mata?

Su biyun. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin renon 'ya mace har ta tare a gidan miji, kuma idan uwar ta auri wani, haƙƙin yana komawa ga kaka ta wajen uwa. Amma abin da aka fi gani a gidajenmu shi ne uba ya karɓi 'ya'yansa bayan yaye ko da sun ɗan tasa. Don haka yawancin uwayen da ba su riƙe 'ya'yansu ba, ba su ne suka zaɓi hakan ba. Kada a hukunta ta a kan abin da ba ta da iko a kai. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda aka ambaci uwa sau uku kafin uba, bai ce sai uwar da ke zaune a gidan uba ba.

Ita ma matar uban da ta yi miki kitso, ta koya miki tuƙin tuwo, ta tara miki kwanuka da zannuwa tun kina firamare, ba za a ture ta gefe ranar da za a ci moriyar wahalarta ba. Biki a tsakar gidanta za a yi, ita za ta tsaya a kan tukwane.

Idan akwai fahimta a tsakaninsu, kati ɗaya ya isa:

Iyayen amarya
Hajiya Wance da Hajiya Wance
suna gayyatar ..........

Kada a rubuta “mahaifiya” a gaban ɗaya, “matar uba” a gaban ɗaya. Iyaye ne, shi ke nan. Ni a ganina sunan mahaifiya ya fara zuwa, kuma matar uba mai hankali ita da kanta za ta ce a yi haka. Idan kuwa ba sa ga maciji, kada a tilasta musu zama a layi ɗaya. A buga kati biyu masu zane iri ɗaya, kowace ta gayyaci mutanenta da sunanta.

Idan mahaifinki yana da mata fiye da ɗaya, to ko dai a sa su duka bisa tsarin shigowarsu gidan, uwargida a farko, ko a rubuta “Iyalan gidan Alhaji Wane” a wuce wurin. Zaɓen ɗaya a bar sauran sabuwar wuta ce da za ta ci gaba da ci bayan ke kin tafi gidanki.

Mahaifiyata ta ce kada a sa sunanta saboda ni ce 'yar fari. Ina tsoron mutane su ɗauka an cire ta ne.

Ki bar ta da alkunyarta. Uwar da ba ta faɗin sunan 'yar farinta ba za ta so a buga nata sunan a kan bikinta ba, kuma matan da za a kai wa katin sun san wannan. Abin yi shi ne a sa sunan yayarta ko ƙanwarta ko aminiyarta da za ta zama uwar biki. Da an ga sunan innar amarya a kati an san ɓangaren uwa yana nan daram. Matsala tana zuwa ne idan ba a sa kowa daga ɓangarenta ba, sai sunan matar uba kaɗai.

A ina za a rubuta wurin ɗaurin aure? Uba ya ce ƙofar gidansa, dangin uwa sun ce inda yarinya ta tashi.

A al'ada uba ko waliyyi ne ke faɗin inda za a ɗaura, kuma idan yana garin, ƙofar gidansa ko ta babban gidansu ita ta fi dacewa. Idan abin zai zama ja-in-ja, masallaci ya raba gardama. Yanzu aure da yawa a masallacin Juma'a ake ɗaura shi, ko bayan an idar da salla ko da safiyar Asabar ko Lahadi, kuma babu wanda zai ce an kai auren gidan wani an bar nasa.

Shagulgulan mata kuwa sai a raba su a rubuce, kowanne da adireshinsa: kamu da sa lalle a gidan uwa, walima a gidan uba, ko akasin haka. A rubuta kwatance sosai, unguwa da layi da abin da ke kusa, domin mutanen uwa ba lallai su san gidan uba ba bayan shekara ashirin. Ranar kai amarya kuma, ko daga ina za a ɗauke ta, a biya da ita ɗaya gidan ta yi sallama a yi mata nasiha. Wannan ba a rubuta shi a kati, amma tun wajen tsara lokutan da za a buga ake ware masa sarari.

Mahaifina ya rasu, amma sun rabu da mahaifiyata tun kafin rasuwarsa.

A rubuta “Iyalan Marigayi Wane”, sannan idan ana so a ƙara sunan baffan da ke tsaye a madadinsa. Sunan uwa yana nan a katinta kamar yadda aka faɗa a sama.

A nan zan ja kunne a kan wani abu: kada fushi ya sa a rubuta “marigayi” a gaban sunan uban da yake raye, ko a bar mutane su ɗauka ya rasu. Ƙarya ce, kuma ranar da ta fito, dangin miji ne za su fara jin ta.

Mun nemi mahaifina ba mu same shi ba, ko kuma ya ce babu ruwansa da auren.

Sunansa dai yana nan a bayan sunanki, wannan ba ya buƙatar izininsa. Amma rubuta cewa shi ne ke gayyata alhali bai san da maganar ba, ko ya ce bai yarda ba, bai dace ba. Sai a yi amfani da sunan babban gidansu, wato iyalan kakanki na wajen uba, bayan an sanar da baffanni.

Maganar wanda zai bayar da auren kuwa ta fi ƙarfin kati. Uban da ya ɓata ba a san inda yake ba, da uban da ya ƙi aurar da 'yarsa ba tare da dalilin shari'a ba, kowanne yana da hukuncinsa, kuma alƙali ne ke yanke shi. A fara da malamin unguwa da mai unguwa da dattawan dangi. Kada a buga rana a kati kafin wannan ta warware.

Ni ne ango, iyayena ne suka rabu. Akwai bambanci?

A katin ɗaurin aure babu, sunan mahaifinka ne. A ɓangaren mata kuwa mahaifiyarka tana da nata taron, ko wunin gidan ango ko walima ko buɗar kai, kuma tana da damar buga katinta da sunanta.

Nauyin da ke kanka daban ne. Sau da yawa ango ko abokansa ne ke kai aikin kati wurin mai bugu, kuma a nan ake yin ɓarna ba da niyya ba. Abokinka ya san amarya da sunan gidan da yake raka ka zance, sai ya rubuta sunan mai gidan a matsayin uba. Kada ka bari a rubuta sunayen gidan amarya da ka. Ka nemi waliyyinta ko babban yayanta ya rubuto maka su a takarda, da laƙabi da sarauta idan akwai, ka miƙa takardar yadda take.

Wanda ya biya kuɗin kati ba shi ke da ikon faɗin abin da za a rubuta ba?

A'a. Yana da ikon zaɓen takarda da launi da adadin da za a buga. Sunayen iyaye ba sa cikin abin da kuɗinsa ya saya.

Lambobin waya da ake sawa a ƙasan kati fa?

A sa mutum ɗaya daga kowane ɓangare: ɗaya daga gidan uba, ɗaya daga wajen uwa, ɗaya daga gidan ango. Matasa sun fi dacewa da wannan, yayye ko ƙanne ko 'ya'yan baffa da na kawu. Amfaninsa a fili yake. Ƙawar uwa da ta taso daga Katsina ta rasa hanya ba za ta so ta kira ɗan kishiyar da ba ta sani ba. Wurin ne kuma da ya dace a sa 'yan'uwan amarya da suke uwa ɗaya uba daban, su ma su ga kansu a bikin 'yar'uwarsu.

A Nijar muna jera iyalai da yawa a kati. Wannan tsarin zai yi mana aiki?

Ya ma fi sauƙi. Katin da ake bugawa a Maraɗi da Damagaram da Yamai, da Faransanci ko da Hausa, yakan jero iyalai da dama daga kowane ɓangare, wani lokaci har da garuruwan da suke zaune. A irin wannan jeri akwai wuri ga gidan uba da gidan kakanni na wajen uwa da gidan mariƙi, ba tare da kowa ya tsaya tambaya ba. A kula dai da tsari: gidan uba a farko, kuma kada a manta da gida ɗaya daga cikin ukun, domin a dogon jeri rashin suna ya fi fitowa fili.

Haka sanarwar rediyo da saƙon da ake turawa a WhatsApp ko Facebook. Abin da aka amince da shi a kati shi za a karanta, shi za a tura. Sau da yawa kati yana fita lafiya, sai wata ƙawar amarya ta haɗa nata hoton gayyata a waya da sunan da ta ga dama, kafin magariba ya zaga dangi.

Mu Kiristoci ne, katinmu yakan fara da “Mista da Misis”. Yaya za mu yi?

Idan sun rabu, a daina haɗa su a wannan layin. Uba da sunansa a layi ɗaya, uwa da sunan da take amfani da shi yanzu a layi na biyu, sannan “suna gayyatar ku zuwa ɗaurin auren 'yarsu”. Ko kuma a koma ga “Iyalan Wane da Iyalan Wane”, wanda ya rufe komai. A sanar da fasto halin da ake ciki tun da wuri, domin sanarwar da za a yi a coci ta yi daidai da abin da ke kati, a kuma shirya wurin zaman kowa.

Wa zai kai wa mahaifi ko mahaifiyar da ba a zaune tare da su kati?

Iyaye ba a gayyatar su da kati, su ne masu gayyata. Uwar da ta fara jin ranar auren 'yarta daga kati, ko uban da aka tura wa hoton kati a waya, an mayar da su baƙi. Zumunta a ƙafa take. Tun lokacin sa rana ya kamata a tashi mutum takanas ya je da goro da alawa, a ba su kasonsu su raba wa nasu mutanen.

Kafin a buga kuma, a karɓo samfuri daga wurin mai bugu, a kai wa uba ya gani, a kai wa uwa ta gani, a kai wa mariƙi idan akwai. Ba amarya ce za ta yi wannan zirga-zirgar ba, domin duk wanda bai ji daɗi ba a kanta zai sauke. A samu gwaggo ko kawu ko wani dattijo da ɓangarorin biyu ke ganin girmansa. Idan an buga, a ƙirga katunan a ba kowane gida gwargwadon jama'arsa, kada uwa ta zama mai aike tana roƙon a ƙara mata guda goma.

An riga an buga, an kuma fara rabawa, sai muka ga an bar sunan wani. Me za mu yi?

A dakatar da rabon a ranar. Idan kuskuren a kan nasaba ne, wato an jingina amarya ko ango ga wanda ba ubansa ba, a sake bugawa ko da a takarda mai araha ce, a kuma tura gyararren a waya ga waɗanda suka riga suka karɓa. Liman ko mai sanarwa a wurin ɗaurin aure shi ma a ba shi sunan daidai a rubuce, domin abin da aka faɗa a gaban shaidu ya fi abin da ke kati muhimmanci.

Idan kuwa sunan uwa ne ko na mariƙi ko na matar uba aka bari, a fara zuwa wurin wanda aka bari kafin labari ya riske shi daga waje. Dattijo ya je da kansa ya ce an yi kuskure, a yi haƙuri, ga abin da za a yi. Sannan a buga masa nasa katin da sunansa, ko da guda hamsin ne, wanda zai raba wa mutanensa. Masu bugu da yawa suna iya fitar da ƙaramin aiki irin wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, tunda zanen yana nan a kwamfutarsu, layi ɗaya kawai za a canza.